Me za ku yi a sabuwar shekara don jin daɗi kawai?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Jiya da daddare ina gyaran durowa sai na ci karo da takardar da na rubuta a ƙarshen bara, ta abubuwan da na ce zan yi a bana. Guda tara ne. In rage ƙiba, in daina ɗaga wa yara murya, in daina raba dare a kan waya, in ƙarasa kwas ɗin da na bari a rabi, da ire-irensu. Na zauna a bakin gado ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Takwas ban yi ba. Wasu na fara na ajiye tun Fabrairu bai ƙare ba, wasu ko farawa ban yi ba.

Na taran kaɗai na cika, kuma shi ne wanda na rubuta can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, don a lokacin gani nake bai kai a kira shi buri ba: in koyi tuƙa keke. Shekarata 41, ban taɓa hawa ba. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna ce take riƙe min sirdi tana gudu a bayana. Sau biyu na faɗi, har gwiwata ta kuje. A Asabar ta huɗu na waiwaya in ce mata kada ta saki, sai na hango ta can nesa tana tafi tana tsalle. Ashe ta daɗe da saki. Wallahi duk shekarar nan ban yi dariya irin ta ranar ba.

Tun jiya nake juya abin a raina. Takwas ɗin nan duk laifina na lissafa, kamar mai rubuta wa kanta takardar tuhuma. Na taran ne kaɗai nake ɗokin gari ya waye in yi. Shi ya sa bana na yanke shawarar takardata za ta cika da irin na taran. Ga tambaya biyu gare ku: me ya faranta muku rai a shekarar da ke ƙarewa, kuma me kuke so ku gwada a mai zuwa don daɗinsa kawai?

Autar Gida:
Wa alaikumus salam, Anti. Barka da keke! Ni nawa ƙarami ne. Abin wasan nan mai fuska shida da launi shida, Rubik, yana ajiye a ɗakinmu shekara uku babu wanda ya taɓa haɗa shi. Na karanta cewa wani malamin zanen gine-gine ɗan ƙasar Hungary, Ernő Rubik, shi ya ƙirƙiro shi a 1974, kuma shi kansa sai da ya kai kusan wata guda kafin ya iya mayar da shi daidai. Hakan ya ƙara min ƙwarin gwiwa. So nake kafin Maris in iya haɗa shi ba tare da na leƙa waya ba.

Tela Mai Zare:
Hajiya, tambayarki ta farko ce ta tsaya min. Na rasa abin da zan ce, sai na buɗe hotunan wayata na ce bari in zaɓi guda ɗaya daga kowane wata, wanda in na kalla zan yi murmushi. Wata tara na samu. Wata uku a jere kuwa babu komai sai hoton yadin mutane da takardar awo. Kwana casa'in ke nan ban ga abin da ya isa in ɗauka don kaina ba, kuma ban ma lura ba sai yau.

Shekarata ashirin a kan keken ɗinki, ban taɓa zama na zana riga don ni nake so ba, kullum abin da mai kaya ya ce. Baɗi zan ɗinka guda huɗu, ɗaya duk wata uku, yadda raina ya raya min. Ko ba wanda ya yaba, zan sa abina. Duk wanda bai san ta inda zai fara waiwaye ba, ya gwada dabarar hotunan nan.

Kawu Mai Ritaya:
'Yata Maman Biyu, Allah ya yi miki albarka, ke da yarinyar da ta riƙe miki sirdi. Amma zan faɗi abin da ba lallai ya yi wa kowa daɗi ba. Ni ban yarda da wannan tsari ba.

Shekara 35 na yi ina aiki. Abin da ya gina min gida, ya ilimantar da 'ya'yana, ba ɗaya daga ciki da na yi don yana da daɗi. Tashin asuba cikin sanyi babu daɗi. Hana kai sayen abin da ido ya gani babu daɗi. Takwas ɗin da kika bari su ne masu nauyi, su ne za su amfane ki nan da shekara goma. In kika share su daga takarda don sun gagare ki sau ɗaya, ba su tafi ko'ina ba, suna nan suna jiran ki. Tsorona shi ne yaran da ke karanta mu su ɗauka duk abin da ya yi wuya ba nasu ba ne.

Na biyu kuma, ban ga dalilin jiran 1 ga Janairu ba. Wanda yake da niyyar gyara, yau ma rana ce. Mai jiran sabuwar shekara ya fara abu, sau da yawa uzuri yake nema na ƙarin mako biyu.

Malamin Lissafi:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta farko tana da nauyi, amma ka ba ni dama in kawo abin da aka auna, don ba mu kaɗai muka taɓa wannan gardamar ba.

Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Chicago, Kaitlin Woolley da Ayelet Fishbach, sun tambayi mutane a farkon shekara abin da suka ƙudurta, da yadda abin yake da muhimmanci a wurinsu, da kuma yadda suke jin daɗin yin sa. Bayan kamar wata biyu suka koma musu. Abin da suka wallafa a 2017 shi ne: muhimmancin burin bai nuna wanda zai ɗore ba, jin daɗin aikin ne ya nuna. Kowa ya san motsa jiki na da amfani, amma wanda yake jin daɗinsa shi ake samu har yanzu yana yi.

Akwai kuma na ƙasar Sweden da aka fitar a 2020, inda aka bi mutum 1,066 tsawon shekara guda. Waɗanda burinsu na "zan yi kaza" ne, kusan kashi 59 cikin ɗari sun ce sun yi nasara. Masu "zan daina kaza" kuwa kashi 47 ne. Ka sake duba takardar Maman Biyu: in daina, in daina, in rage. Ɗaya tilo da ta cika na "zan yi" ne.

Ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Ta rubuta tana so ta motsa jiki ta rage ƙiba, ta ce ba ta yi ba. To wace ce ta yi ta tuƙa keke duk Asabar? Ta rubuta tana so ta daina ɗaga wa yara murya. Wace ce ta zama ɗalibar 'yarta har suka yi dariya tare? A ganina biyu daga cikin takwas ɗin sun shigo ta bayan gida, ita ce ba ta ƙirga su ba.

Maman Biyu:
Malam, ka sa na ajiye wayar na yi shiru. Gaskiya ne, tun da muka fara fita da keken ni da yarinyar nan faɗanmu ya ragu sosai. Ban taɓa haɗa su ba.

Kawu Mai Ritaya:
Malam, na ji lissafinka, kuma ban ƙaryata ba. Amma akwai abin da ba ya shigowa ta bayan gida. Bashi ba ya biyan kansa don kana nishaɗi. Kwas ɗin da ta bari ba zai ƙarasa kansa a kan keke ba. Wannan fa?

Malamin Lissafi:
Wannan kam sai an zauna an yi shi, Kawu, ban musa ba. Abin da nake cewa kawai, kada a jera irinsa takwas a takarda ɗaya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle takwas.

Ɗalibar Tarihi:
Kawu, ina neman izini in taɓa maganarka ta biyu, ta ranar 1 ga Janairu. Kana da gaskiya cewa ranar ba ta da wani sirri. Mutane ne suka sa ta. Rumawa na da can a Maris suke fara shekara. A shekara ta 153 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, aka mayar da ranar kama aikin manyan shugabanninsu 1 ga Janairu, daga baya Julius Caesar ya tabbatar da ita a kalandarsa. Ingila ma sai a 1752 ta koma kanta, kafin nan 25 ga Maris ce farkon shekararsu a hukumance. Har yau Iran a wajajen 21 ga Maris take shiga sabuwar shekara, Habasha a 11 ko 12 ga Satumba da kalandarta mai wata 13, ta Sin tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Shekarar Hijira kuma kwana 354 ce ko 355, shi ya sa 1 ga Muharram take matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.

Amma abin da nake gani a nan shi ne, duk al'ummar da ka duba ta ware wata rana ta ce daga nan an sake sabon lissafi. Mutanen Babila tun dubban shekaru suna da bikin Akitu na kwana 12 don haka. Kenan ɗan Adam yana buƙatar wurin da zai tsaya ya ja layi. An ma auna wannan: a 2014 Hengchen Dai da Katherine Milkman da Jason Riis sun nuna cewa zuwa wurin motsa jiki yana ƙaruwa a farkon mako, da farkon wata, da farkon zangon karatu, da bayan ranar haihuwar mutum. Ni abin da na ɗauka daga ciki, in Janairu ta kuɓuce maka, Litinin tana nan tafe.

Nawa burin: in zauna da kakata sau ɗaya a wata in naɗi muryarta tana ba ni labarin ƙuruciyarta. Ina karanta tarihin mutanen da suka mutu shekara dubu biyu, ban san sunan ƙawarta ta yarinta ba.

Autar Gida:
Yaya, wannan na kakar ya yi kyau, zan kwaikwaya. Malam, tambaya: gaskiya ne in ka yi abu kwana 21 a jere ya zama jikinka? Don ni nakan kai kwana ashirin ɗin, in tsallake ɗaya, sai in ji duk na rushe, in bari gaba ɗaya.

Malamin Lissafi:
Auta, ki sauke wannan nauyin daga kanki. Kwana 21 ɗin ya samo asali ne daga wani likitan gyaran fuska a Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. "Aƙalla" ya ce, kuma a kan sabo da fuska yake magana. Mutane suka yar da "aƙalla" suka riƙe lambar.

Da aka zo aka auna da gaske, Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 tsawon mako 12, kowa ya zaɓi ƙaramin abu ɗaya yana yi kullum. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama sabo kwana 66 ne. Wani 18 ya ishe shi, wani lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abin da ya shafe ki kai tsaye kuma: sun ga cewa tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Abin da ke ɓatawa shi ne hukuncin da kike yanke wa kanki washegari.

Ki yi wannan lissafin ma. Minti 15 a rana, a shekara awa 91 ne. Ko kin zubar da sulusinsu, kina da awa 60. Rubik ba zai ci rabin haka ba.

Mai Jiran Sauƙi:
Na daɗe ina karanta ku ban yi magana ba. Ku yi haƙuri in kawo abin da ba na nishaɗi ba. Mahaifiyata ta rasu a watan Yuni bayan jinyar wata biyar, ni na yi jinyarta. Da na gwada dabarar Tela na buɗe hotuna, rabinsu na takardun magani ne, sauran kuma nata ne tana kwance. Na rufe wayar.

Duk inda na duba a kwanakin nan mutane suna lissafa abin da suka cim ma. Ni ban cim ma komai ba, na dai kai ƙarshen shekarar da raina. Kuma in na yi tunanin rubuta abin jin daɗi sai in ji kamar na ci amanarta, kamar na yi saurin mantawa. Ban san ko akwai wanda ya taɓa jin haka ba.

Kawu Mai Ritaya:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya ba ki ladan abin da kika yi. 'Yata, ki saurare ni da kyau. Wata biyar kina tsaye a kan mahaifiyarki, sannan ki ce ba ki cim ma komai ba? Duk cikinmu nan babu wanda ya yi aikin da ya kai naki a bana. Ni da nake ta maganar abu mai wuya, ga shi nan ke kika yi shi.

Na rasa matata shekara shida da suka wuce. Na san wannan jin da kike faɗa. Ranar da na fara yin dariya bayan rasuwarta sai da na ji kunyar kaina. Ba cin amana ba ne. Ba wanda ya sa miki ranar da za ki rubuta komai. In takardarki ta zauna fara har Yuni, ta zauna.

Maman Biyu:
Allah ya gafarta wa Mama, ya sa ta huta. 'Yar uwa, ki yafe min in tambayata ta fama miki ciwo. In wata rana kin ji kina so, ki tuna wani abu da take so, ki yi shi a madadinta. In ba ki ji ba, ki zauna tare da mu haka nan, muna son ganin ki.

Mai Jiran Sauƙi:
Amin, na gode Kawu, na gode Anti. Ba ki fama min komai ba. Tana son shuke-shuke. Akwai tukwanen furanninta guda bakwai, biyar sun bushe lokacin da muke asibiti, biyu suna nan da rai. Wataƙila in fara da ba su ruwa.

Direban Dare:
Allah ya jiƙan Mama. Ƙanwata, ki ba su ruwan, ki riƙa gaya mana yadda suke.

Ni aikina tuƙin dare ne, doguwar hanya. Shekara goma sha ɗaya sama tana kaina ban taɓa ɗaga kai na kalle ta da niyya ba. A farkon bana mota ta lalace min a wani wuri da babu wutar lantarki ko ɗaya, na kwana a kan buhunan kaya ina jiran bakanike. Abin da na gani a daren nan ya sa na ce duk daren da wata ya cika zan tsaya minti goma in kalle shi. Tsakanin cika da cika kwana 29 da rabi ne, sau 12 ke nan a yawancin shekaru, wata shekarar 13. Na samu tara, gajimare ya cinye min sauran.

Daga nan abin ya ja ni. Na gano Zara da muke ce wa matar wata ba tauraruwa ba ce irin sauran, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, ita ce Zuhura, kuma ita ɗin ce dai Gamzaki da ke fitowa da asuba a wani lokacin. Na koyi gane Kaza da 'Ya'yanta. A daren 13 ga Disamba na tsaya na ga taurari masu wutsiyar haske suna ta gilmawa, na ƙirga har na gaji. Duk shekara suna zuwa a wannan lokacin, akwai kuma wasu a wajajen 12 ga Agusta.

Baɗi so nake in sayi ƙaramin madubin hangen nesa in ga watanni huɗu masu zagaya duniyar Mushtari, wato Jupiter, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610. An ce ko da irin na hannu biyu ana hango su kamar ɗigo-ɗigo in hannu bai rawa ba. Kawu, ban san ko wannan zai amfane ni nan da shekara goma ba. Na dai san tun da na fara, daren ya daina yi min tsawo, kuma na daina jin haushin aikina.

Anti Nas:
Direba, tsayawar minti goman nan ma kaɗai ta amfane ka, ka tambayi duk wanda ya san abin da gyangyaɗi ke yi a kan hanya.

Ni a wurin aiki kullum ina gaya wa masu hawan jini da masu ciwon suga su riƙa tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. In ka raba, minti 30 ne sau biyar. Kowa zai ce "to, Anti", ya tafi. Waɗanda nake gani sun ɗore, kusan kullum akwai abin da ke jan su: ƙawar da suke hira da ita a hanya, ko jikan da suke rakawa makaranta, ko shirin da suke saurare a kunne wanda ba sa kunna shi sai suna tafiya. Wanda tsoron ciwo kaɗai ya fito da shi, da ya ji sauƙi yake komawa kujera.

Kada kuma taku 10,000 ɗin nan ya tsorata kowa. Lambar ta fito ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da aka sayar a Japan a 1965, ba likita ne ya yanke ta ba. Wanda yake yin dubu biyu ya koma dubu biyar ya ci riba babba.

Nawa na baɗi: in san sunan bishiya 30 da nake wucewa kullum. Shekara da shekaru ina bin ta ƙarƙashinsu, in aka tambaye ni ba zan kawo sunan goma ba.

Tela Mai Zare:
Wani abu yana damuna. Mu da muke ta faɗar namu a nan, ba a ce in ka faɗi abu kafin ka yi shi yakan mutu ba? Ni na sha gani a kaina. Da na ba mutane labarin abin da zan yi, suka yaba, sai in ji kamar na riga na yi.

Malamin Lissafi:
Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani mai bincike, Peter Gollwitzer, ya gwada haka da ɗalibai a 2009, ya ga waɗanda aka san da niyyarsu ta zama wani abu sun fi sassauta ƙoƙari, don yabon ya riga ya ba su ɗanɗanon isa. Amma shi ɗin ne kuma ya daɗe yana nuna abin da ke aiki: ka faɗi yaushe, a ina, bayan me. "Zan zama mai zane" yabo yake jawowa. "Ranar Lahadi in na rufe shago zan zana hannun riga ɗaya" kuwa aiki ne, ana iya tambayar ka ranar Litinin.

Anti Nas:
Ni ban cika yarda da ɓoyewa ba. Wanda ba wanda ya san ya fara, ba wanda zai san ya bari. A samu mutum ɗaya mai tambaya, ya isa.

Tela Mai Zare:
To Anti, ke ce tawa. Ƙarshen Maris ki tambaye ni riga ta farko.

Kawu Mai Ritaya:
Na karanta duka, har na Direba sau biyu. Ban janye maganata ba: kowa ya sa abu ɗaya mai wuya a takardarsa, wanda ba ya so amma ya san dole ne. Maman Biyu, kwas ɗin nan ki ƙarasa shi, zan tambaye ki. Ɗaya na ce, ban ce takwas ba, Malam ya ci wannan.

Amma tun da kowa ya faɗi nasa, bari in faɗi abin da ban taɓa gaya wa ko 'ya'yana ba. Ina aji huɗu a firamare na zana doki a bayan littafin lissafi. Malaminmu ya gani, ya ɗaga wa aji, ya ce wannan aikin marasa abin yi ne, ya yage shafin. Tun ranar ban sake zana komai ba. Shekara sittin ke nan. Har yau in na ga doki sai na bi ƙafafunsa da ido ina auna yadda zan sa su a takarda. Marigayiya ta sani, ta taɓa sayo min fensir masu launi, na sa a akwati na ce sai na yi ritaya. Na yi ritayar, ita ba ta nan, fensiran suna nan ko feƙe su ba a yi ba.

Ɗazu na ɗauko su.

Autar Gida:
Kawu, don Allah in ka zana ka turo mana mu gani.

Maman Biyu:
Kawu, na karɓa. Kwas ɗin na sa shi a lamba ta ɗaya, darasi ɗaya duk daren Laraba bayan yara sun kwanta. Ƙarƙashinsa na rubuta uku: in tuƙa keke kilomita goma ba tsayawa, in koyi iyo, in kwana ɗaya a waje da 'yan biyu mu nemo Kaza da 'Ya'yanta. Direba, wane lokaci ya fi?

Direban Dare:
Yanzu ne lokacinta, Hajiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu tana sama sosai da farkon dare. Ki zaɓi daren da babu farin wata, ku yi nesa da fitilu, ku ba idonku kamar minti ashirin ya saba da duhu, kada kowa ya kunna waya. Za ku ga 'yan taurari a cure wuri ɗaya. Yawancin mutane shida suke iya ƙirgawa, ki sa yaran su gwada ko za su fi ki.

Mai Jiran Sauƙi:
Na ba su ruwa da safen nan. Da na duba ɗaya daga cikin biyar ɗin da na ɗauka sun mutu, na kankare jikin reshen da farce, cikinsa kore ne. Akwai wanda ya san ko in yanke busassun rassan yanzu, ko in bari sai ya fara toho?